Mu da Ruwan Lagireto

Mu nan Mazanya, in ka ga direba ya ɗauki hanya babu jarkar ruwa a but, to baƙo ne. Namu ko Ɗan Isa zai leƙa ya dawo sai ya tanadi galan guda. Daga Magama zuwa Maraɗi, daga Jibiya zuwa Katsina, babu abin da ba mu ɗura wa lagireto: ruwan rijiya, na burtsatse, na dam, fiya wata, har ragowar buta bayan alwala. Abu ɗaya ne ba mu yi, wato juye tsohon. Mu ƙari muka sani. Canji kuwa sai ranar da tiyo ya fashe ya yi mana shi dole.

A rumfar mai shayi ba a rasa mai kare wannan ɗabi'a. Akwai wani dattijo da ya tsufa a kan Fijo, da an ambaci kulan, wato ruwan lagireto na kanti, sai ya ajiye kofi.

"Wannan ai na ƙasar sanyi ne. Bature ya yi abinsa don kada ruwa ya daskare masa a Jamus. Kai yaro, yaushe rabonka da ganin ƙanƙara a Jibiya?"

Bakaniken unguwa, wanda cinsa da shansa ke fitowa daga ɓarnarmu, shi ne kuma mai yi mana wa'azi.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, hana daskarewa ɗaya ne cikin aikinsa. Ruwa zalla yana tafasa a maki 100, injin kuma a wajen 90 yake aiki. Ka ga tazarar ba yawa. In aka gauraya kulan da ruwa rabi da rabi, murfi kuma yana riƙe iska yadda ya kamata, sai ya wuce 120 bai tafasa ba. Amma babban aikinsa hana tsatsa. Leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin dutsen da ya kama gindinta. Shi ne a cikin lagiretonka, kuma hanyoyin ruwan can ba su kai kaurin tsinken tsire ba."

"To mu da muka shekara arba'in muna tuƙi?"

"Gasket nawa ka ƙona, Baba?"

Nan dattijo kan tuna cewa shayinsa na hucewa.

Abin dariyar shi ne yadda muke karɓar mota. Golf ko Sharon za ta iso daga Turai ta Kwatano, ruwanta ja ko shuɗi, tsaf. Kafin a biya kuɗin lamba an kai ta gareji an cire tamostat, an ɗaure fanka dairet, wai an mayar da ita 'yar ƙasa. Alhali tamostat ɗin nan shi ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya. In babu shi, da asubar hunturu injin na tafiya a sanyaye, yana shan mai yana cin kansa. Idan mota na zafi, ciwon na wani wuri: lagireto ya toshe, ko ƙurar hunturu ta cike ramukansa, ko robar murfi ta mutu, ko famfon ruwa ya gaji. Mu kuwa wanda ya fi sauƙin cirewa shi ne mai laifi.

Sai bazara ta kama asiri ke tonuwa. Afrilu, rana ta haura maki 40, mota ta sha lodi har bayanta na sharar ƙasa, ga shinge bayan shinge a hanyar Katsina. Tsayawa da tashi ne ke dafa injin, don babu iskar gudu mai ratsa lagireto. Sai ka ga an ɗage bonet a gefen titi, fasinja sun watse neman inuwa, yaron mota ya naɗe tsumma a hannu zai buɗe murfi.

"Kai, bari ta huce!"

"Oga, sauri muke."

Wannan saurin ya bar wa yara da yawa tabo a hannu da fuska. Ruwan da ke ƙarƙashin murfi ya wuce zafin tafasa, da an sassauta zai yi tsartuwa sama. Mai kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya yi jawur kuma, kan injin yake nema ya tsage.

Yoyo ma muna da magungunansa. Wani ya fasa ɗanyen ƙwai, wani ya zuba garin taba, wani ya liƙa sabulu. Yana kai mutum gida, ba musu. Sai dai abin da ya toshe huda shi ke toshe hanya, kuma daga "bari in kai ta gobe" ƙwan zai shekara a ciki. Lokacin da aka rufe boda a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, motoci da dama sun yi watanni a ajiye da ruwan rijiya a cikinsu. Ranar da aka zo tayarwa, abin da ya fito daga tiyo kalar jar ƙasa ne.

Ga shi, in ji bakanike, aikin canjin ba wani mai wuya ba ne. A bar mota ta kwana ta huce. A kwance ƙasan lagireto a tare tsohon ruwan a roba. A zuba ruwa mai tsabta a tayar a juye, a maimaita har ya fito fari, ban da Omo, don kumfarsa ba ta fita duka. A karanta jikin galan ɗin kulan: wani an riga an gauraya shi, wani sai an haɗa da tataccen ruwa (ba asid ɗin batir ba) rabi da rabi. A zuba shi, a tayar da injin a kunna hita don iskar da ta maƙale ta fita, washegari da safe a sake dubawa a cika. Irin na da yana shekara biyu, na zamani yakan kai biyar. Kala ba ta nuna iri, kuma ba kowane ruwa mai kala a gorar roba ne kulan ba, kada a yi wa rogo kallon kitse. Wanda aka juye kuma kada a watsar a tsakar gida ko a ajiye a gorar lemo. Yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne, ga yaro ga akuya.

Da bakanike ya gama wannan karatu, wani matashin direba ya tambayi kuɗin galan. Da ya ji, sai ya fara salati.

"Haba Oga, ai wannan kuɗin lodi guda ne!"

"Ƙanena, kar ka saya. Wallahi ni ba na so ku saya. Gasket da wankin kan injin ne ke biya mini kuɗin makarantar yara."

Aka kwashe da dariya. Matashin ya ce zai yi shawara bayan kasuwa, sannan ya roƙi mai shayi ya cika masa jarka.