Zuwa ga Sarkin Goge-goge na Zazzau

Kai Bazazzagi, bawan Kanawa, ashe an ba ka muƙami ka ɓoye wa ubangidanka? Labari ya iso Kano cewa kai ne yanzu mai riƙe da shafin Facebook na ma'aikatarku. Mutumin da sai ɗansa ya buɗe masa waya, yau shi ne bakin hukuma a intanet. Allah mai iko!

Na leƙa shafin, Malam Goge. Oga yana karɓar baƙi, oga yana sauka daga mota, oga yana murmushi. Wata baiwar Allah ta tambayi ranar da za a biya haƙƙin marigayin mijinta, kafin ta ajiye waya ka share. Wanda ya rubuta “Allah ya ja zamanin oga” kuwa har zuciya ka manna masa. Ni da na ce famfon da kuka ƙaddamar iska yake fitarwa, sai ka toshe ni. Ni! Wanda ya raka ka neman aure!

To, ban ga laifinka sosai ba, a wurin manya ka gani. A watan Yunin 2021 Twitter ta goge saƙo guda na Shugaba Buhari, gwamnati ta fusata ta dakatar da dandalin a Nijeriya, kuma a Twitter ɗin ma'aikatar yaɗa labarai ta sanar da dakatarwar. Aka yi ƙaura zuwa dandalin Koo na Indiya, wanda shi ma ya rufe a 2024. Wata bakwai ana wannan fushi, sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe Twitter, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. Ka ga yadda gogewa take da ciwo ke nan in ta zo kan mai mulki. Talaka ne ba ya jin zafi?

A Amurka ma, a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta ce Trump ba shi da hurumin toshe masu sukarsa a shafinsa, tunda da shafin yake aikin hukuma. Kai har ka fi Trump ne, Ɗan Zage-zagi? Ko gashin ba ka da shi.

Na sani, akwai masu zagin uwa da uba, akwai 'yan damfara masu tallan guraben aikin bogi. Waɗannan share su, ni ma zan taya ka. Amma ka rubuta ƙa'idar a saman shafi kowa ya gani, kada ta zauna a cikin hularka. Tambaya ba zagi ba ce, kuma shafin ba zauren gidanku ba ne. Da harajin 'yan Kantin Kwari ake saya maka data.

Ka amsa wa matar nan yau. Ni kuma ka buɗe ni kafin Juma'a, in ba haka ba zan zo Zariya da kaina, kuma a gidanka zan ci tuwon dare. Ka gaida uwargida, ita kaɗai ce mai hankali a gidan.