Gaisuwar Surukai a Kan Tanki

Jiya Asabar abin ya faru, kuma har yanzu in na rufe ido ƙarar hon nake ji.

Kusan mako biyu ke nan kan babur ɗina, wata tsohuwar Boxer da na saya hannu na biyu, yana ɗan sunkuyawa gaba duk lokacin da na faɗa rami. Noti huɗu ne ke danne ƙarfen kan a mariƙinsa, a tsakiyar ƙarfen kuma akwai wasu ƙananan haƙora da aka zana don mariƙin ya samu abin cizo. Nawa shekaru sun siɗe su, sun yi sumul kamar goshin jariri. Na san da haka sarai. Amma da yake zan je Gwammaja gaishe da mahaifin yarinyar da nake nema, sai na ga ƙyalli ya fi gyara gaggawa. Na wanke babur, na dangwalo baƙin mai da tsumma na bi kowane ƙarfe, har cikin mariƙin na ɗiga kaɗan don ya daina ƙiƙi-ƙiƙi. Na ɗaure noti biyu iya ƙarfina, na ce sauran biyun sai na dawo. Na zuba farar shadda, na kafa hula.

Bayan La'asar na shiga layin. Dattawa bakwai a kan tabarma a ƙofar gida, Alhaji mahaifin yarinyar a tsakiya da carbinsa. Shirina tsaf yake: in tsaya daga nesa, in kashe inji, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Na buɗe baki na ce, "Assalamu..." sai tayar gaba ta hau bakin kwalbati, ni kuma na matse birki.

Kan ya tafi. Bai karye ba, bai yi ƙara ba, kawai juyawa ya yi gaba a hankali kamar raƙumi zai sha ruwa, ni kuma na bi shi. Hannun birki ya koma kallon ƙasa, yatsuna suka neme shi suka rasa. Ga kuma abin da ban taɓa tunani ba sai jiya: in ƙarfen ya juya gaba alhali tafin hannunka na riƙe da totur, to ka ba da wuta ke nan. Babur ya yi kururuwa. Ƙirjina ya kwanta a kan tanki, haɓata ta daki mita, babban yatsana na hagu ya maƙale a kan hon. Akwai birkin ƙafa, na sani. A lokacin ƙafata ba ta sani ba.

Haka na wuce ta gaban tabarmar, a kwance rub da ciki, shadda na kaɗawa, hon na tsala ihu. Da na juyar da kai, idona ya faɗa cikin na Alhaji. Wannan daƙiƙar ce ta hana ni barci. Bai tsorata ba, bai yi dariya ba, carbin ne kawai ya tsaya a hannunsa. Ni kuma, don tarbiyya ba ta barin mutum ko a bakin kabari, sai na ji bakina ya ƙarasa, "...alaikum." Wallahi wani a cikinsu ya amsa. Ina jin "wa alaikumus salam" na bi na a baya har na nutse cikin tarin yashin da maƙwabci ya sauke don gini.

Kafin in tofar da yashin, wani tsoho ya iso kaina, sanda a hannu. Daga baya aka ce min tsohon masinja ne, kuma ko keke bai taɓa hawa ba.

"Yaro, iska ce ta yi wa tayarka yawa."

"Baba, kan ne ya kwance."

"To me ya kwance shi? Iska in ta cika ciki, sama take hawa. Kai in ka ci wake da yawa ina kake jin sa?"

Na rasa amsa, domin Alhaji yana tsaye yana riƙe da hulata.

Aka kira wani yaron bakanike daga bakin titi, bai fi shekara goma sha huɗu ba. Ya kwance notin huɗu, ya shafa ƙarfen, ya shinshina yatsa, ya dube ni. "Yaya, wa ya zuba mai a nan?" Na ce hala yaran gida ne. Ya wanke wurin da fetur har ya bushe ƙayau, ya tsinto gwangwanin maltina ya yanko siririn falle ya naɗa a inda haƙoran suka cinye. Sai ya shiga ɗaure notin kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta can, yana duba kada gefe ɗaya ya fi ɗaya matsewa. "In ka danne biyu ka bar biyu, cizon gefe guda yake yi. Wannan ma na kai ka gida ne, ka sayi sabon kai."

Tsoho bai daina ba. "Ka tambaye shi ranar da ya wanke shi. Ƙarfe ba ya son wanka ranar Asabar. Sa'annan a rage kayan aljihu, makullai na jan ƙarfe." Dattawa na gyaɗa kai, wai don girmamawa.

Na biya yaro, na durƙusa na yi gaisuwar da ta kawo ni, yashi na zuba daga kunnena. Alhaji ya ce, "Ai mun riga mun gaisa, ɗana."

Na koma wurin babur na girgiza kan, daram, ko motsi. Na hau na ji ƙasa ta matso kusa. Tayoyin biyu duk a kwance suke, tsoho na tsugune a gefe da tsinken ashana a hannu.

"Na rage maka," in ji shi. "Gwada yanzu ka ji."