Yadda Ake Tsiyacewa da Digiri a Hannu

Ƙanena, barka da fitowa. An ɗora maka hular nan mai kusurwa huɗu, an yi hotuna, Hajiya ta yi kukan daɗi, maƙwabta sun ci waina. Saura darasi ɗaya da babu malamin da ya koyar da kai a aji: yadda mutum zai ga alat ranar 28 ga wata, ya wayi gari ranar 5 ga wata mai kamawa yana laluben aljihun tsohuwar rigarsa. Jahilai na ɗauka tsautsayi ne. Fanni ne mai zaman kansa, yayyenka sun sha wuya kafin su tsara ƙa'idojinsa, ga su nan kuma kyauta. Ka riƙe su da kyau, don daga yau ba za ka ƙara samun wani abu kyauta ba.

Ka fara da alawus ɗin bautar ƙasa. Janar Yakubu Gowon ne ya kafa shirin a 1973, kuma a 2025 aka fara biyan naira 77,000 a maimakon 33,000. Babban haɗarin da ke gabanka shi ne lissafi. Kada ka kuskura ka raba 77,000 gida talatin, domin za ka tarar ba ka da ko naira 2,600 a rana, kuma a cikinta ne za a ci abinci, a hau Keke Napep, a sayi sabulu, a sa data. Wanda ya ga wannan adadi da idonsa yakan rasa sha'awar shawarma, har ya fara tambayar kuɗin kwanon wake. Kai dai ka dinga kallon kuɗin a dunƙule. A dunƙule suna da kwarjini.

A cikin abin da za ka kashe su a kai, waya ce ta farko. Mai digiri ba ya riƙe wayar da ya yi aji biyu da ita, ko da lafiyarta ƙalau. Ka nufi kasuwar Farm Centre in a Kano kake, ka nuna wadda ta fi ƙarfinka, in aka faɗi kuɗin ka gyaɗa kai irin na wanda ya saba ji. Akwai tsarin biya kaɗan-kaɗan, za ka ajiye wani abu ka tafi da ita a ranar. Daɗin wannan tsari shi ne yawancin irin waɗannan wayoyi suna kulle kansu da zarar ka tsallake biya, don haka ba sai mai bin bashi ya wahalar da kansa zuwa gidanku ba. Yana cikin aljihunka, kai kake masa caji.

Sai batun kati, kuma a nan zan ɗan tsaya, don mutane na haɗa biyu su zama ɗaya. Katin ATM da ke hannunka tun kana ɗalibi kuɗinka yake ci. In asusu ya bushe, na'ura za ta faɗa maka gaskiya a gaban mai POS da duk wanda ke layi. Katin bashi ba ya yi wa mutum wannan tozarci. Kuɗin banki ne ake ba ka ka kashe, ka biya daga baya. A Amurka bankuna sun daɗe suna kafa tebur a harabar jami'o'i suna raba riguna da abinci kyauta ga duk ɗalibin da ya cike fom, har sai da aka yi doka a 2009, zamanin Obama, aka taka musu birki, aka ce ɗan ƙasa da shekara 21 sai ya nuna yana da abin biya ko ya kawo wanda zai tsaya masa. A nan Najeriya ba a saba raba shi haka ba, galibi sai mai albashi da ke shiga ta bankin. To da zarar ka samu aiki, wani mai magana da taushi zai kira ka ya ce ka cancanta. Ka karɓa. Kalmar "ka cancanta" ba kullum ake jin ta ba.

Sirrin tsiyacewa da katin bashi yana cikin takardar da za a turo maka a ƙarshen wata. Adadi biyu za ka gani: duka abin da ake bin ka, da kuma mafi ƙarancin abin da aka yarda ka biya. Wanda ya biya dukan kuɗin kafin wa'adi, sau da yawa ba a ɗora masa ruwa ko kaɗan, kuma banki ba ya ƙaunar irinsa. Kai ka zaɓi ƙaramin. A ce ana bin ka naira 100,000, ruwan kashi 3 cikin ɗari ne a wata, kana biyan 5,000. A watan farko 3,000 ruwa ne, 2,000 kacal ta taɓa uwar kuɗi. In ba ka ƙara sayen ko tsinke da katin ba, sai ka yi wata 31 kana biya, ka ba da kusan naira 155,000. Kiwon akuyar maƙwabci ke nan: dusa taka, 'ya'ya nasa. Kuma ai za ka ƙara saye. Wa zai bar kati ya yi wata 31 yana hutawa?

In banki ya ce ba ka kai ba, kada ka damu, manhajojin ba da rance sun fi shi sakin fuska. Minti biyar, babu jingina, babu shaida, babu wanda zai tambaye ka ɗan gidan wane ne. A ce an ba ka 20,000 ka dawo da 23,000 bayan mako biyu. Dubu uku, me ye a ciki? Kada ka ninka ta sau 26, domin za ka ga a shekara ruwan ya kai kashi 390 cikin ɗari, kuma wannan adadi ne mai hana barci. In wa'adi ya cika babu kuɗi, ka sauke manhaja ta biyu ka biya ta farko, ta uku ta biya ta biyu. Masana wannan fanni suna riƙe takwas a lokaci guda.

Lokacin da manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarka, ka danna amincewa ba tare da karantawa ba, yadda ka saba yi wa littattafan da malamai suka ce a duba. An ga yadda wasunsu ke aika saƙo ga duk wanda ke cikin wayar mai bashi cewa wane ɓarawo ne, wasu har sanarwar rasuwarsa suka rarraba da hotonsa, yana raye yana shan shayi. Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023, hukumar kare masu saye ta FCCPC ma ta sa an cire da dama, amma waɗanda ake turo wa mutum ta WhatsApp ba su san da wannan labari ba. Ka tabbata lambar mahaifin yarinyar da kake nema tana ciki. Babu hanyar gabatar da kai da ta fi wannan sauri.

Wani zai ce maka bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, sai dai bashin da aka yi karin maganar a kansa na mai kanti ne da mai shayi. Mai shayi ya san mahaifinka, ya san ranar da aka yi muku rasuwa, yana iya yage shafin ya ce Allah ya ba mu lada. In ka canja hanya don kada ku haɗu, kunya ce ke aiki, kuma kunya na da magani: ka je ka gaishe shi ka rage wani abu. Bashin yanzu lambar BVN ɗinka ya sani, wadda aka fara rabawa a 2014, kuma ita ba ta zuwa ta'aziyya. Akwai kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da aikinsu kawai adana tarihin wanda ya ci bashi da yadda ya biya. Tun 2020 kuma Babban Banki ya ba bankuna damar bin wanda ya ƙi biya su kwashe daga asusunsa na wani bankin. Don haka dubu goman da ka share a bana za ta jira ka cikin haƙuri har ranar da ka zama babban mutum kana neman jarin gaske. In ka ci rancen karatu na NELFUND, wanda ba shi da ruwa, shi ma shekara biyu bayan bautar ƙasa zai fara sallama. Ka manta da shi tun yanzu, don ya zo maka da ban mamaki.

Kada ka kai wannan magana gaban liman. Zai kawo maka batun riba, ya ɓata maka shiri, ƙila ma ya tuna maka cewa bankin Jaiz na aiki tun 2012, TAJ tun 2019, kuma akwai tsarin da banki zai sayi kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Wannan tsari na da aibi babba: za ka san abin da za ka biya.

Ganin albashi ba ya kaiwa, dole ka nemi inda kuɗi ke haihuwa. Alamar wuri mai kyau ita ce ba ka fahimci sana'ar da suke yi ba, amma abokinka ya nuna maka hoton alat. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ta kife a Afrilun 2025. Kada wannan ya karya maka gwiwa, waɗancan sun makara ne, kai da wuri za ka shiga. Kowa da wuri ya shiga. Ka jawo ƙanwar babarka ma, don in abin ya fashe a samu abin tattaunawa a taron suna. Cacar ƙwallo kuwa ba sai na koya maka ba. Wanda ya san 'yan wasan Arsenal har da na benci ai bai kamata ya zauna da iliminsa haka nan ba.

Yanzu gida. Ranar da aka ji Yaya ya fara aiki, kada ka faɗi ainihin albashinka. Ka yi murmushi ka ce "Alhamdulillahi", ka bar su su ƙiyasta, za su ninka shi uku. Daga nan kuɗin makarantar Auta, maganin Gwaggo, gudummawar ɗan kawu da zai ƙara aure, duk kanka. Ni ban ce a hana iyaye ba, wanda ya sayar da gona ko ɗan kunne ya biya maka rajista ya fi kowace manhaja haƙƙi a kan kuɗinka. Masu wayo sukan ware wa gida wani kaso sananne, su faɗa wa Hajiya gaskiya, ita kuma ta zama garkuwarsu, don babu mai iya cewa "ba shi da shi" da ƙarfin da uwa ke faɗa. Kai kada ka yi haka. Ka ci bashi mai ruwa ka ba da kyauta, a yi ta sa maka albarka kana biyan kashi 15.

Ƙanwata, ban manta da ke ba. Ƙawayenki na aji duk a bana za su yi aure, kowace da ankon kamu, da na dina, da na yini, ga ɗinki, ga mai kwalliya, ga kuɗin liƙi. Ki yi duka. Wadda ta maimaita atamfa a hoto biyu, me za ta faɗa wa Instagram? Kada ki saurari kakarki da ke cewa a sayi ɗan zinare a ajiye ko a ba da tunkiya kiwo a ƙauye. Gaskiya ne a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato kuɗin da aka bari kwance sun rame, tunkiya kuwa ta haihu. Amma tunkiya ba ta fitowa a hoto da kyau.

Adashi ma ana iya shiga, da sharaɗin ka nace sai an ba ka kwasar farko, ka kashe ta a mako ɗaya, sannan ka yi wata tara kana zubi kana jin haushin uwar adashi. Fansho kuwa, in wurin aikinku na cire maka kashi 8 suna ƙara 10 kamar yadda dokar 2014 ta ce, kada ka taɓa duba ko kuɗin na shiga asusun. Tsufa na wasu ne.

In ka bi waɗannan sau da ƙafa, kafin ka cire kakin bautar ƙasa wayarka za ta fara ƙara tun asuba, da lambobin da ba ka sani ba. Ka sa ta a shiru. Ka koyi cewa "ba shi ba ne, ƙaninsa ne" da murya daban-daban. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ka karya layin ka je ka sayi sabo. Ka tafi da lambar NIN ɗinka, da ita za a yi masa rajista.