Ire-iren Masu Neman Sansar Zafi a Babbar Mota

Sansar zafi wani ɗan ƙarfe ne mai zare, yawanci na tagulla, wanda bai fi babban yatsa ba. Ana ɗaure ta a jikin inji yadda bakinta zai nutse cikin ruwan da ke sanyaya shi. Mazauninta galibi kusa da gidan tamostat ne, inda ruwan zafi ke fitowa ya nufi lagireto. Duk wanda ya bi babban tiyon sama daga lagireto har inda ya kama inji, ya iso unguwarta. Sai dai masu nemanta a gareji kala-kala ne.

Na farko shi ne Malam Na-Sani. Kafin a gama ɗaga kan DAF ko MAN ya riga ya nuna wurin da sifana. Abin da ya nuna kuwa sau da yawa sansar baƙin mai ce, don ita ma zare gare ta da waya. Yana kwancewa baƙin mai ya biyo, shi kuma ko a jikinsa, sai ya ce wa mai mota, "Alhaji, dama man nan ya isa juye."

Sai mai cire-cire, wanda ke zare soket ɗaya bayan ɗaya yana ƙwala wa yaron mota kira ya duba allura. A tsohuwar Mercedes 911 dabarar tana ci, domin waya guda ce ke zuwa mita, in an taɓa ta da bodi allura ta haye ja, an san mita da waya lafiya suke. A sabbin motoci masu ƙwaƙwalwa kuwa sansar waya biyu gare ta, wasu injinan ma sansa biyu ne, ɗaya ta mita, ɗaya ta ƙwaƙwalwa. Duk soket da ya zare ƙwaƙwalwa na rubutawa, fitilu na kamawa. Motar da ta shigo da ciwo ɗaya sai ta fita da biyar.

Mai kwamfuta ba ya ɓata riga. Zai jona na'ura, ta nuna masa SPN 110, lambar zafin ruwan inji a manyan motoci, ya karɓi kuɗinsa. In aka tambaye shi inda abin yake, sai ya ce wannan aikin bakanike ne.

Tsohon direba bai yarda akwai abin nema ba. Tafin hannu a kan tiyo da hanci sun ishe shi, ga jarkokin ruwa a bayan kujera. Amininsa shi ne bakaniken da ke cire tamostat ya yar, wai don ƙasar sanyi aka yi ta. Daga nan allura ta kwanta, kowa ya yi murna, inji kuma ya daina kai zafin da aka ƙera shi a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, ya shiga shan gas fiye da ƙima.

Akwai mai gaggawa, wanda ya gano wurin daidai amma ya kwance inji na tafasa. Ana gane shi da tabo a damtse.

Mafi ƙaranci shi ne mai awo. Yana jira inji ya huce, ya rage ruwa, ya ɗora mita a kan ƙafafun sansar. Ya san juriyarta ga lantarki raguwa take yi in zafi ya ƙaru: a yawancinsu wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauko kusan 300 a digiri 80. Sau tari sai ya tarar sansar ƙalau take, soket ne ya yi tsatsa ko waya ta goge a jikin ƙarfe. Masu mota ba su cika son sa ba, don ba ya tura kowa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen sabuwa, su kuma gyaran da ba a canza kaya ba ba su ɗauke shi gyara ba. Mai shiga ƙarƙashin kan motar ya lalubo soket ɗin kuwa, a wurin dukansu, ƙaramin yaron gareji ne, wanda hannunsa kaɗai ke shiga lungun.