Mu da Ciyawar Damina

Bari ruwan farko ya sauka a Kafin Hausa wajen watan Yuni, kwana uku ba su cika ba za ka ga gindin katanga ya yi kore shar, kamar wani ya bi dare ya yi shuka. Irin yana nan kwance cikin rairayi tun kakar bara, danshi da ɗumi kawai yake jira. Ran nan kowa hamdala yake, ƙasa ta farfaɗo, awaki za su ƙoshi. Bayan mako biyu kuma mu ne dai da fartanya a kafaɗa muna yi wa harkiya Allah ya isa.

Mu ne masu fita roƙon ruwa in an yi fari, amma ranar da muka gama firi sai ka ji muna cewa a ƙasa-ƙasa, da dai za a ɗan buɗe rana ta kwana biyu. Kuma da dalili, domin ciyawar da ka nome da safe, in yayyafi ya same ta da yamma, kafin gari ya waye ta sake kama ƙasa ta miƙe tana kallonka. A markar Agusta kuwa, wanda ya yi jinkirin maimai sai ya nemi geronsa da kyar. In ruwa ya ɗauke, gero ya naɗe ganye, ita ƙarangiya ko a jikinta, tana can tana shirya ƙayar da za ta bi mu har sahun masallaci a bakin wando.

Ta ƙofar gida kuwa labarinta daban. Kowa ya rantse daga bakin magudana zuwa can rabon maƙwabci ne, shi ma maƙwabcin haka ya rantse, sauro yana ta aure da suna a ciki. Sai ranar da yaro ya ce ya ga maciji, nan take unguwa ta fito da lauje da adda, har mai ciwon baya. Hakin da ka raina ai shi ke tsone maka ido. Kafin wannan rana dai akuya muke ɗaurewa a wurin mu ce aiki ya kankama, mata kuma su riga ta tsinke tafasa don kwaɗo.

Shi ya sa in ɗayanmu ya je Dutse ya ga ciyawar ado a harabar ofis, ana ba ta ruwa da tiyo cikin rani, a aske ta da inji, a kwashe a zubar, sai ya tsaya riƙe da haɓa yana lissafin raguna nawa za ta ciyar. Alhali ga kacalla can ta toshe hanyoyin ruwa a kogin Haɗeja, wadda ko kyauta ba ma so.

Da ruwa ya janye a Oktoba, gaba ta ƙare. Gamba ta zama zana, kyasuwa da burburwa a ɗaure su dami-dami, harawa ta hau rufin ɗaki. Wanda ya yi lalaci kuwa, watan Afrilu za ka gan shi a kasuwa yana jujjuya damin busasshiyar ciyawa, yana cewa, "Haba Malam, rage mini mana, wannan fa bara a bayan gidana ta fito."