Bindigar da Minista Ke So

A ƙasar Sikotlan an yi wani attajiri ɗan gidan sarauta, Sir Charles Ross, mai gandun Balnagown, wanda ba shi da abin so kamar farauta da ƙirar bindiga. Yawancin bindigogin zamaninsa sai an yi motsi huɗu kafin a sake harbi: a ɗaga hannun sakata, a ja baya, a tura gaba, a kwantar. Shi kuwa ya bi sawun Mannlicher na Ostiriya, ya ƙera wadda ake ja kai tsaye a mayar kai tsaye, kan sakatar ya juya da kansa a ciki ya kulle. Kafin barewa ta yi tsalle na biyu, maharbi ya riga ya ɗura wani harsashin.

A lokacin yaƙin Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, Kanada ta nemi bindigar Lee-Enfield daga Ingila, ba ta samu yadda take so ba. Ross ya zo da tayin gina masana'anta a birnin Kwibek, ƙasa ta riƙa ƙera makaminta da kanta. Aka kafa kwamitin gwaji, a cikinsa har da wani ɗan majalisa mai suna Sam Hughes, hafsa a rundunar sa-kai, mai tsananin son gasar harbi. Da aka matsa wa bindigar da harbi ba hutu, sai ta yi zafi ta riƙa cijewa, wani lokaci ta ƙi tashi, alhali Lee-Enfield ta wuce lafiya. Ross ya ce laifin harsashi ne. Aka karɓi uzurinsa, a 1902 aka sa hannu a kan kwangilar bindigogi 12,000.

Da ma a ranar nan aka bi al'adar maharba. Har gobe a dazuzzukan Jamus, inda ake yawan farauta da irin wannan ƙira kamar Blaser R8 da Merkel Helix, idan mutum ya ja kunama ya ji ƙas babu wuta, ba ya fara da zagin kowa. Zai bar bakin bindiga inda ba kowa, ya jira kamar minti guda, don wani harsashin jinkirin tashi yake yi. Sannan ya zare shi ya duba cibiyar da ke gindinsa, wadda allurar bindiga ke duka ta kunna albarushi. Idan dukan ya lotsa sosai, bindiga ta yi aikinta, harsashin ne ya mutu, ko ya sha danshi ko mai ya ratsa shi. Idan kuwa ɗan tabo ne kawai, ko babu ma, sai a koma kan bindiga da mai riƙe da ita. Sau da yawa maharbi ne ya lallaɓa sakata don kada dabba ta ji motsi, ba ta kai ƙarshe ta kulle ba, ita kuma an ƙera ta yadda allura ba za ta yi cikakken duka ba sai an kulle. Wani lokaci man da aka cika mata ne ya daskare da sanyi ya rage wa allura gudu. Wani lokaci sifirin ne ya gaji, ko datti ya taru inda haƙoran sakata ke shiga, ko kwanson ya gaza tsawon mazauninsa, allura ta tura shi gaba maimakon ta fasa cibiyar. Kowane dalili yana barin shaidarsa. Maƙerin kirki yakan ce a kawo masa harsashin da ya ƙi tashi, ya saurari wanda abin ya faru a hannunsa, kafin ya buɗe baki.

A Kanada ba a yi haka ba. 'Yan sandan doki na arewa maso yamma, waɗanda ke cikin na farkon da aka ba bindigar, sun mayar da ita a 1906 saboda yawan matsala. Aka yi ta kwaskwarima ana sauya mata lamba. A fagen gasa kuwa sai ta zama tauraruwa: a 1911 wani ɗan Kanada ya ci kyautar Sarki da ita a Bisley ta Ingila, maharba kuma suka yi ta sayen samfurinta na farauta. A shekarar nan Hughes ya zama ministan soja. Daga nan duk wanda ya taɓa bindigar Ross, shi ya taɓa.

Yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, aka tura samari da ita ramukan Beljiyam. Ranar 22 ga Afrilu 1915, Jamusawa suka saki iska mai guba a Ypres, sojojin Kanada suka tsaya toshe gurbin da aka bari. A nan bindigar ta nuna halinta. An matse mazaunin harsashinta don ta yi saiti, harsashin Ingila da ake rabawa a fagen daga kuwa ba duka ya zo daidai awo ba, ga laka ko'ina. Bayan harbi kaɗan da sauri, kwanso ya kumbura ya maƙale. Sakatar da ake ja kai tsaye ba ta da ƙarfin ɓamɓaro kwanso irin na wadda ake murɗawa, sai yaro ya koma dukanta da diddigen takalmi ko da shebur, abokan gaba na tahowa. Daga baya aka gano cewa ƙarfen kan wasu sakatun ya yi laushi, haƙorinsa na baya yana mokaɗewa duk lokacin da ya bugi matsaya, dukan da ake mata ma ƙara ɓata ta yake yi. Wuƙar bakinta takan faɗo idan ana harbi. Ta fi Lee-Enfield nauyi da tsawo, ga rami ƙunci. Mafi muni, ana iya harhaɗa sakatarta ba daidai ba bayan wanki, ta rufe ba ta kulle ba, ta tashi a haka, ta dawo wa mai harbi a fuska.

Kanada ta yi asarar mutum wajen 6,000 a wannan gumurzu, tsakanin matattu da raunana da kamammu. Cikin waɗanda suka tsira, sama da 1,000 sun jefar da Ross, sun ɗauki Lee-Enfield daga gefen gawarwakin sojan Ingila, duk da an hana. Soja ba ya rabuwa da makaminsa a bakin daga don raini. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da za a iya kawo wa shugaba.

A watan Yuni 1915 aka sauya wa runduna ta farko ta Kanada bindiga, amma sauran da ke tahowa aka ci gaba da ɗora musu Ross. Kwamandansu, Janar Edwin Alderson, ya rubuta takarda ya jera aibobinta ɗaya bayan ɗaya. Hughes ya mayar masa da martani mai zafi, ya raba wa manyan hafsoshi kwafe don kowa ya shiga taitayinsa. Takardar Alderson ta fito a jaridar Ottawa Citizen, a watan Mayu 1916 kuma aka cire shi. An kafa hujja da asarar da aka yi a yaƙin St. Eloi, amma rigimar bindiga tana cikin abin da ya ci kujerarsa. Ba a daɗe ba Janar Douglas Haig, babban kwamandan sojojin Ingila, ya ba da umarnin janye Ross daga hannun dakarun ƙasa. A watan Nuwamba Firaminista Robert Borden ya nemi Hughes ya ajiye aiki, a 1917 gwamnati ta karɓe masana'antar.

Abin da ya fi ciwo shi ne bindigar ba banza ba ce. Gwanayen harbi daga nesa, irin su Francis Pegahmagabow na ƙabilar Ojibwe, sun ci gaba da riƙe ta, don suna da lokacin goge ta da zaɓar mata harsashi. Yawancin aibobinta ma suna da magani: faɗaɗa mazauni, ƙara wa ƙarfe tauri, ƙara girman matsaya, da 'yar ƙusar da aka sa daga baya don hana harhaɗa sakata a karkace. Duk an yi su, amma bayan an binne waɗanda suka fara kai kuka. Shekara 15 ke tsakanin gwajin farko da janyewa, kuma ba ilimi aka rasa ba a tsawonsu. Mai jin magana aka rasa.

Labarin Kanada ne wannan, ya kuma haura shekara 100. Amma ranka ya daɗe, kai da ke sa hannu a takarda a sayo kayan da wasu za su riƙe a inda kai ba za ka je ba, idan yaronka ya dawo ya ce abin nan ba ya aiki, ba mutuncinka ya zo zubarwa ba. Shi ne ya ja kunama, shi ya ji ƙas. Kana iya canza masa wurin aiki, kana iya kiransa ɗan adawa, kana iya tara 'yan amshin shata su rantse kayan ba su da na biyu, duk wannan ba zai sa su tashi ranar da ake bukata ba. Ka kira shi, ka ce ya zo da abin da ya lalace, ku duba tare. Kunyar amsa kuskure ta yini ɗaya ce, haƙƙin rai kuwa har gaban Allah ake bin sa.