Yawon Damina: Bayani Kan Ɗaliban da Ke Biyan Kuɗi Ruwa Ya Dake Su

Yawon damina wata ɗabi'a ce da ke kama ɗaliban jami'o'in yammaci da kudancin Indiya tsakanin watan Yuni da na Satumba. Babbar alamarta ita ce a ga mutum da hankalinsa, yana da ɗaki da katifa da bargo, ya tashi tun kafin asubar Asabar, ya yanki tikitin jirgin ƙasa, ya nufi inda ruwan sama ya fi ƙarfi. Ta fi ƙamari a Mumbai da Pune da Bangalore, kuma ba ta ƙyale baƙi ba, har da 'ya'yan Hausawa da aka tura karatun likita ko haɗa magunguna ko kwamfuta.

Filin wannan aiki shi ne jerin duwatsun Western Ghats, waɗanda suka miƙe kimanin kilomita 1,600 daga kan iyakar Gujarat zuwa ƙarshen kudancin ƙasar. Tsakaninsu da Tekun Arabiya akwai siririyar gaɓa, Konkan daga arewa, Malabar daga kudu. Iskar damina takan taso daga teku ɗauke da ruwa, ta iso Kerala wajen 1 ga Yuni, ta kai Mumbai bayan kamar kwana goma. Da ta yi karo da duwatsun sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye kayanta nan take. Shi ya sa garin Mahabaleshwar da ke bisa tsauni yake samun ruwa fiye da milimita 5,000 a shekara, alhali Pune da ke bayan duwatsun ba ta kai 1,000 ba. A ranar 26 ga Yulin 2005 an auna milimita 944 a Mumbai cikin awa 24, kwatankwacin damina guda cur a Kano. Hukumar UNESCO ta sa duwatsun cikin wuraren gado na duniya a 2012 saboda tsirrai da kwaɗi da tsuntsayen da babu irinsu a wani wuri. Shi ɗalibi ya san su ne a matsayin abin da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto.

Kamuwar Bahaushe da wannan ɗabi'a tana buƙatar ƙarin bayani, domin a gida hadari na haɗowa kasuwa take watsewa, kuma "ruwa ne ya tare ni" uzuri ne da ko surukai suna karɓa. Asalin abin yana komawa ga finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a ƙasar Hausa, tun zamanin gidajen silima irin su Marhaba da Plaza a Kano. A cikinsu jarumi kan yi rawa a kan tudu, ruwa na zuba, rigarsa fara tas, kuma ba a taɓa nuna shi washegari yana jan majina ba. Wata waƙa a fim ɗin Ghulam na Aamir Khan, na 1998, ta sa sunan garin Khandala a bakin kowa. Chennai Express na Shah Rukh Khan, na 2013, ya yi wa magangarar ruwan Dudhsagar irin wannan talla. Yaron da ya tashi da waɗannan, ranar da ya ji cewa Khandala tafiyar awa biyu ce daga makarantarsa, magana ta ƙare.

Shiri yakan fara ne da buɗe zaure a WhatsApp ranar Litinin. Ajin gaba ɗaya kan shiga, kowa ya ce da shi za a yi. Zuwa daren Juma'a wannan cikinsa ya ɓaci, wancan ƙafarsa ta gurɗe, sai a wayi gari waɗanda suka rage ba su cika keke napep biyu ba. Su ne ke sayen takalmin hawan dutse, da jakar goyo mai aljihu goma sha, da ledar saka waya, wadda ita ce kaɗai ake gwadawa kafin a fita. Kuɗin kuwa daga gida yake zuwa. "Baba, akwai wata fita ta bincike, an ce wajibi ce," in ji ɗalibi. Baba ya ce Allah ya ba da sa'a, a dai kula da salla, ya turo.

Daga Mumbai ko Pune ana sauka a Lonavala ko Malavli a nufi Lohagad da Rajmachi, ko a bi ta Kasara zuwa Kalsubai, tsauni mafi tsawo a jihar Maharashtra, mai mita 1,646. Yawancin wuraren tsofaffin ganuwoyin yaƙi ne da aka yi amfani da su a zamanin sarki Shivaji, wanda aka naɗa a Raigad a 1674. A 1670 bardensa Tanaji Malusare ya hau ganuwar Sinhagad cikin dare da igiya, ya ƙwace ta, ya rasa ransa a wurin. Yau mota tana kai mutum kusan ƙofar ganuwar, amma ɗalibai na hutawa sau biyu a ɗan abin da ya rage. A Kalsubai akwai tsanin ƙarfe a wuraren da dutsen ya miƙe tsaye, kuma ranar Lahadi layi ake bi, ta yadda wanda ya gudo daga cunkoson Mumbai yakan sami kansa maƙale a tsani, takalmin na sama yana ɗiga masa taɓo a ka.

A daidai nan ne wata dattijuwa daga ƙauyen gindin dutsen takan zo wucewa. Silifa ne a ƙafarta, a kanta akwai buhun albasa da garin wake da galan ɗin mai. Takan ratse ta gefen masu takalmin tsada ba tare da ta dube su ba. Kafin su iso sama ta hura wuta a ƙarƙashin tamfol, ta dafa shayi, ta soya albasa cikin ƙullu, abin da suke kira kanda bhaji, ƙanin ƙosai ne dai. Ɗalibi ya iso yana haki, ya saya a farashin da ta ga dama, ya haɗa da gasasshiyar masara mai lemun tsami da barkono, sannan ya rubuta cewa ya ci dutsen da yaƙi. Ita kuwa gobe ma za ta hawo.

Abin da aka zo gani, wato kwari da ƙoramu da ƙauyukan ƙasa, ba a cika ganinsa ba, domin gajimare ya rufe komai. Wannan bai hana hoto ba. Ƙa'idarsa ita ce a juya wa kyamara baya, a ware hannuwa, a fuskanci farin hazo kamar mai nazarin duniya. Akan maimaita har sai batir ya nuna ja, ko biri ya fizge ledar biskit.

A kudu, wajen Coorg da Agumbe da Wayanad, akwai ƙarin abokin tafiya, matsattsaku. Yakan tsaya a kan ganye yana lilo, ya kama takalmi, ya shige ta hujin igiya. Cizonsa ba a cika jin zafinsa ba, kuma yawunsa na hana jini daskarewa, don haka sai an cire safa a ga ta yi jawur. Mutanen gari na yawo da ɗan ƙullin gishiri, su barbaɗa, ya faɗi. Ɗalibi sai ya yi ihu, sannan ya ce kada kowa ya taɓa, a bari a ɗauka tukuna.

Masu ɗan ƙarfin aljihu sukan gangara gaɓar teku ta layin dogo na Konkan, wanda aka kammala a 1998, mai tsawon kusan kilomita 740, da ramukan cikin dutse fiye da 90 da gadoji wajen 2,000. Da damina ana rage wa jiragen gudu saboda zaftarewar ƙasa. A Goa za a tarar an kafa jajayen tutoci na hana iyo, an kwashe rumfunan bakin teku, jiragen kamun kifi masu inji kuma suna hutun dole daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli. Ɗalibi kan ce ya zaɓi lokacin ne don ya fi son teku babu hayaniya. Kuɗin otal dai a lokacin yake faɗuwa.

Dudhsagar, mai tsawon mita 310 a kan iyakar Goa da Karnataka, layin dogo ne ya ratsa ta gabanta, kuma hukumar jiragen ƙasa ta hana takawa a kan layin. A Yulin 2023 an ga bidiyon 'yan sanda sun tara masu yawon da suka karya dokar suna sa su tashi su tsuguna. Wannan sa'a ce idan aka kwatanta da abin da ya faru a ƙarshen Yunin 2024, lokacin da ruwa ya tafi da mutum biyar 'yan gida ɗaya kusa da madatsar Bhushi a Lonavala. Ƙoramar da ke iya idon sawu da hantsi tana iya cin mutum kafin azahar, kuma hukumomin Pune sukan rufe irin waɗannan wurare idan ruwa ya yi yawa.

Bayan dawowa, tufafi kan yi kwanaki a igiya ba su bushe ba, takalmi ya yi fumfuna, darasin Litinin ya wuce ana fama da mura. Dutsen kuwa ƙara tsawo yake yi duk sanda aka ba da labari. Hawan awa uku kan zama na yini guda kafin labarin ya iso Kano, matsattsaku ɗaya ya hayayyafa, dattijuwa mai shayi kuma a manta da ita sam. Matsala guda ita ce ƙanwa, wadda takan kai wa Hajiya waya ta nuna mata hoton. Hajiya ta gyara tabarau ta ce, "Wannan shi ne binciken?"

Damina takan janye daga yankin a farkon Oktoba, gajimare ya yaye, hanya ta bushe. Jarrabawar zangon farko a yawancin jami'o'in tana faɗowa a Nuwamba ko Disamba, kuma ba a tambayar ɗalibin haɗa magunguna tsawon Kalsubai.